Gaskiya Ta Fi Kwabo: Bakin Gwamnati Ko Na Talaka?

Masu karatu da yawa sun san Alhaji Abubakar Imam ne ta littafin Magana Jari Ce, amma shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939. Turawan mulki ne su ka kafa ta, Dakta Rupert East na sa ido, don su isar da saƙon su, su kashe jita-jitar da ta yi yawa gab da Yaƙin Duniya na Biyu.

To, sai dai Imam ya buɗe filin wasiƙu, talakawa su ka riƙa kawo kukan su kan haraji da zaluncin wasu ma'aikatan En'e. Duk da haka akwai iyaka. A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridun Afrika ta Yamma, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai ta Azikiwe. Da aka kafa NEPU a 1950, 'yan Sawaba su ka ɗauki jaridar bakin gwamnati ce.

Don haka in ka ɗauki jarida, fara duba mai ita tukuna, sannan ka karanta labarin.