Tsofaffin manhajoji: yadda ake tsara kula da su

Tsohuwar manhaja ita ce wadda aka rubuta shekaru da dama da suka wuce, amma har yanzu wani muhimmin aiki ya dogara da ita, kamar biyan albashi, fansho ko ajiyar banki. Da yawa daga cikinsu an rubuta su ne da COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙiro a 1959, wanda masu iya shi ke raguwa. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka, Phil Murphy, ya fito yana neman masu iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aikin yi ya kasa ɗaukar yawan masu buƙata.

Masana sukan kasa aikin kula da manhaja gida huɗu: gyaran kurakurai, daidaita ta da sababbin na'urori ko dokoki, ƙara mata inganci, da toshe ɓaraka tun kafin ta bayyana.

Sakaci na da tsada. A watan Mayun 2017, ƙwayar WannaCry ta gurgunta asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ya fitar da gyaran da ke kare ta tun watan Maris. Gaggawa ma na da nata hatsarin. A watan Afrilun 2018, bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari a ƙarshen mako guda. Mutane da dama suka kasa shiga asusunsu na tsawon makonni, kuma a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Don haka ake fara shiri da lissafa manhajojin da ke aiki, da abin da kowacce ta dogara da shi, da waɗanda suka san cikinta. Sai a rubuta gwaje-gwajen da ke nuna yadda take aiki a yau, domin a gane nan take idan gyara ya ɓata wani abu. Daga nan a riƙa sauya ta sashe-sashe, ana tafiyar da tsohuwa da sabuwa tare ana kwatanta sakamakonsu, tare da tanadin hanyar komawa baya idan aka samu cikas. Kafin tsofaffin ma'aikata su yi ritaya, a rubuta abin da suka sani, a kuma koya wa na baya.