Kindergarten: yadda lambun yara ya fita daga Jamus

Jamusawa gwanaye ne wajen ɗinke kalmomi biyu su koma ɗaya, amma da wuya a samu wadda ta ratsa duniya kamar Kindergarten. Kinder jam'in Kind ne, wato yara. Garten kuwa lambu, kuma tun asali yana nufin fili da aka kewaye da shinge, dangin kalmar hortus ta Latin.

Friedrich Fröbel ne ya haɗa su a 1840, a garin Bad Blankenburg da ke yankin Thuringia. Kafin nan akwai gidajen da ake kira Kleinkinderbewahranstalt, ma'ajiyar ƙananan yara ke nan, inda iyaye mata masu aikin ƙwadago ke barin 'ya'yansu su wuce wurin aiki. Fröbel, wanda ya koyi aikin gandun daji yana saurayi, ya kuma zauna wurin malamin tarbiyya Pestalozzi a Suwizalan, bai yarda a ajiye yaro kamar kaya ba. A wurinsa yaro tsiro ne, ana ba shi ruwa da rana, ba a ja masa ganye don ya yi saurin girma. Kuma ba a baki ya tsaya ba: ya ware wa yara 'yan ƙananan filaye su shuka abin da suke so, ya ƙera musu ƙwallayen ulu da gutsattsarin katako na wasa. A ganina wannan suna hujja ce sukutum, ba laƙabi kawai ba.

Gwamnatin Prussia, ɗaya daga cikin ƙasashen Jamusawa na lokacin, ta haramta waɗannan makarantu a 1851, bisa zargin suna yaɗa gurguzu da rashin addini. Fröbel ya rasu a 1852, ba a ɗage haramcin ba sai 1860. Amma kafin nan kalmar ta riga ta bi Jamusawa 'yan gudun hijira. Margarethe Schurz ta buɗe irin wannan makaranta ta farko a Amurka a 1856, a Watertown, da Jamusanci. Elizabeth Peabody ta buɗe ta Turanci a Boston a 1860.

Turanci ya karɓi kalmar yadda take. Faransanci ya fassara ta zuwa jardin d'enfants, sunan da iyaye a Nijar suka saba da shi, a Gana da Nijeriya kuma aka datse ta zuwa KG. A Jamus ɗin kanta yau, iyaye da yawa sun fi cewa Kita, gajeren Kindertagesstätte, wurin yinin yara.