Wa Zai Biya Kuɗin Magani? Tarihin Masanan Kiwon Lafiyar Al'umma a Afirka ta Yamma

A shekarar 1933 wata likita 'yar asalin Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a asibitin yara na birnin Akra tun Gana tana ƙarƙashin mulkin Ingila, ta wallafa bayanin wata cuta da ke kumbura ƙafafun yara, ta sauya launin gashinsu, ta kuma hallaka da yawa daga cikinsu. Bayan shekara biyu ta sa wa cutar sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, wato kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Bahaushe ba baƙon wannan fahimta ba ne, domin ya daɗe yana danganta tamowa da kwanika da saurin yaye. Sunan bai ambaci wata ƙwayar cuta ba. Ya nuna uwa mai sabon ciki, da yaron da aka cire daga nono aka mayar kan kunun masara zalla, da gidan da ba shi da halin sayen abin da ya fi haka. A wannan wuri ilimin kiwon lafiyar al'umma ya kafa sansaninsa, inda ake neman tushen ciwo a cikin tukunya da rijiya da aljihun maigida.

Likitancin zamanin mulkin mallaka bai cika duba wannan fuska ba. Hankalin masu bincikensa yana kan sauro da ƙudan tsando da ƙwayoyin da suke ɗauka, aikinsa kuwa asibitocin birane ne, da ayarin masu lamba da masu farautar sammore, da duba-gari mai leƙa randuna. Waɗanda suka karkata akalar fannin su ne wasu likitoci 'yan ƙasa da aka haifa tsakanin 1924 da 1931: Fred Sai na Gana, da Olikoye Ransome-Kuti da Umaru Shehu da Adetokunbo Lucas na Nijeriya, da Gottlieb Monekosso na Kamaru. Hanyar da suka bi kusan ɗaya ce. Sun yi karatun likita a Ingila ko Ailan, sun dawo gida sun tsaya a bakin gadon majiyyata, sun kafa ko sun shugabanci sassa a sababbin jami'o'i, daga nan gwamnati ko hukumomin duniya suka ja su. Babu wanda ya fara a matsayin masanin tsare-tsare. Yaron da aka warkar aka sallama, ya dawo bayan wata uku da ciwonsa na jiya, shi ya kore su daga ɗakin jinya zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa ofishin minista.

Fred Sai, wanda aka haifa a 1924, ya fara ne da binciken abinci mai gina jiki, wato ya ɗora daga inda Williams ta tsaya. Tamowa ta kai shi ga tambayar tazarar haihuwa, tazarar haihuwa kuma ta kai shi ga lafiyar uwa. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tsarin iyali ta Gana a 1967, kuma yana koyarwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Gana aka soma aikin ƙauyen Danfa, inda aka gwada yadda za a haɗa rigakafi da awon ciki da tsarin iyali a cibiya guda ta karkara. Shi ya shugabanci taron 1979 na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kan shayar da jarirai, wanda ya haifar da ƙa'idar 1981 mai taƙaita tallar madarar gwangwani. Ya sake riƙe babban kwamiti a taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994. Mai duba jerin muƙamansa zai ɗauka ya yi ta sauya fanni, alhali tambaya ɗaya yake bi tun farko: me ke sa yaro ya rame a gidan da ba a yaƙi?

Lucas ya bi wata hanyar. Bincikensa na farko a Ibadan kan tsargiya ne, kuma littafin rigakafin cututtukan ƙasashe masu zafi da suka rubuta da Herbert Gilles a 1973 ya zama abin karatun ɗaliban likita a ƙasashe da dama. Daga 1976 zuwa 1986 ya shugabanci shirin TDR a Janeba, wanda aka kafa don binciken cututtukan da kamfanonin magani ba su ga riba a cikinsu ba, irin su zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da kuturta da sammore da tundurmi. A zamaninsa aka tabbatar da haɗin magungunan da ke warkar da kuturta, aka kuma yi gwajin maganin ivermectin a kan makantar da ƙudan rafi ke jawowa. Ya ƙare aikinsa yana farfesa a Jami'ar Harvard. Monekosso kuwa ya fara da nazarin wata cutar jijiyoyi da ta yawaita a yankin Epe kusa da Legas, wadda daga baya aka danganta da dafin rogon da bai jiƙu sosai ba. A 1969 ya kafa cibiyar koyar da ilimin lafiya ta jami'ar Yawunde, inda ya nace a horar da likita da ma'aikacin jinya da mai awon jini a wuri guda, tunda tare za su yi aiki a gunduma. Ya riƙe ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka daga 1985 zuwa 1995.

A ƙasar Hausa sunan da aka fi sani shi ne na Umaru Shehu, haifaffen Maiduguri, wanda ya shugabanci sashen lafiyar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun kafuwarsa, ya kuma zama shugaban jami'ar Nsukka a 1978.

A watan Satumba na wannan shekara ta 1978 wakilan ƙasashe 134 suka hallara a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne hanyar samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Abin da waɗannan malamai suke koyarwa a aji ya zama manufar duniya. Ransome-Kuti, likitan yara na Jami'ar Legas, shi ya samu damar gwada ta da ikon gwamnati. Ya zama ministan lafiya a 1985, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, ya haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya, ya fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Alƙaluman hukuma sun nuna rigakafin yara ya kai kusan kashi 80 cikin 100 a 1990. Binciken gidaje na 2003, shekarar da ya rasu, ya samu kashi 13 kacal na yara ne suka kammala allurarsu. Wannan faɗuwa ba ta da alaƙa da rashin sanin cuta ko rashin magani. Ginin ya dogara ne ga kuɗin da ba a tabbatar da ɗorewarsu ba, da ƙananan hukumomin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsu.

Alma-Ata ta faɗi abin da za a yi, ba ta faɗi wanda zai biya ba. Shekarun da suka biyo ta kuwa shekarun bashi ne da tsuke bakin aljihun gwamnati, har asibitin sha-ka-tafi ya koma wurin da ake rubuta wa mutum takarda a tura shi kasuwa. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto mai ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗi daga majiyyata. A watan Satumba na shekarar ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, ƙarƙashin ofishin Monekosso da goyon bayan James Grant na UNICEF, suka amince a sayar da muhimman magunguna a farashi mai sauƙi, kwamitin gari ya riƙe kuɗin, ya sake sayo wasu. Daga nan fannin ya cika da sababbin fuskoki. Masana tattalin arziki da masu ƙidaya suka shigo, tambayar bincike kuma ta koma: idan an sa farashi, wa zai daina zuwa?

Amsar farko daga Gana ta fito. An ƙara kuɗin asibiti sosai a 1985, sai Catriona Waddington da K. A. Enyimayew suka bi littattafan cibiyoyin gundumar Ashanti-Akim suka ga masu zuwa sun ragu ƙwarai. A gari adadin ya farfaɗo daga baya, a karkara ya daɗe bai farfaɗo ba. Tsarin da mutanen Gana suka laƙaba wa sunan biya-ka-ɗauka ya zama abin ƙi, har ya taimaka wajen kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003.

Amsa ta biyu ta saɓa wa ta farko, kuma daga lardin Adamawa na Kamaru ta zo. Jennie Litvack da Claude Bodart sun kwatanta cibiyoyin lafiya biyar. A uku an sa kuɗi tare da tabbatar da cewa magani ba ya yankewa, biyu an bar su yadda suke. Sakamakon da suka wallafa a 1993 ya nuna masu zuwa sun ƙaru a inda aka sa kuɗin, kuma talakawa ne suka fi ƙaruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Asibitin kyauta da babu magani a cikinsa yana da tsada, domin bayan an ga ma'aikaci sai an biya kuɗin mota zuwa birni, a yi asarar yinin gona, a sayi ƙwayar a kantin magani. Masu goyon bayan karɓar kuɗi sun yi ta kafa hujja da wannan bincike, sai dai sau da yawa sukan ambaci kuɗin su manta da sharaɗin maganin.

Nijar ta yi gwajin da ya fi waɗannan tsari. A 1993 aka ɗauki gundumomi uku. A Say majiyyaci yana biyan sefa 200 duk lokacin da ya zo da ciwo, yaro 100. A Boboye kowane baligi yana biyan harajin sefa 200 a shekara, sannan ya ba da 50 kawai idan ya zo, yaro 25. Illela aka bar ta ba canji don a samu ma'auni. François Diop da Abdo Yazbeck da Ricardo Bitrán sun nuna cewa tsarin Boboye, inda mai lafiya ke taya marar lafiya ɗaukar nauyi, shi ya fi jawo talakawa da mata da yara, ya kuma fi tara kuɗi. Duk da haka biya kai tsaye ne ya bazu a ƙasar, domin karɓar kuɗi a ƙofar asibiti ya fi tara haraji sauƙi. Ana cikin gwajin aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara tsada.

Rukuni na uku na masana bai zo da sirinji ko ma'aunin farashi ba. Masu nazarin halayyar al'umma ne, kuma cibiyarsu mafi tasiri ita ce LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, cikin waɗanda suka kafa ta har da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou. Hanyarsu ita ce zama a kan bencin jira na tsawon makonni, ana kallo ana saurare. Littafin da Olivier de Sardan da Yannick Jaffré suka shirya a 2003 ya duba cibiyoyin lafiya a Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, ya bayyana abin da ƙidaya ba ta kamawa: tsawa ga mai naƙuda, da fifita wanda ya san wani, da 'yan kuɗaɗen da babu rasit a kansu. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar fari tana iya zaɓar ungozoma a ta biyu ko da an ce asibiti kyauta ne.

Ba a daɗe ba aka samu damar gwada hakan. A zamanin Shugaba Tandja Mamadou gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa a 2005, ta ɗauke na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na awon ciki a 2006. Tsarin shi ne cibiya ta yi aiki kyauta, ta aika takardun lissafi, gwamnati ta biya ta. Iyaye mata suka yi tururuwa da 'ya'yansu. Binciken Agbessi Amouzou da abokan aikinsa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma danganta hakan da kyautar jinya da gidan sauro da yawaitar ƙananan ɗakunan shan magani a karkara da kula da tamowa. Masu binciken LASDEL tare da Valéry Ridde sun duba ɗaya ɓangaren. Sun nuna an yanke shawarar daga sama cikin gaggawa, an fafe gora ranar tafiya, ba a ware isassun kuɗi ba, biyan cibiyoyi yana jinkirin watanni har shekaru. Asusun maganin da kwamitocin gari suka tara tun zamanin Bamako shi aka riƙa ci don toshe giɓin, har ya ƙare a wurare da yawa. Uwa takan kawo ɗanta a duba shi ba ta biya ko dala ba, ma'aikaci ya buɗe kabad ya tarar babu komai, ya rubuta mata takarda ta tafi kantin magani.