Rena Wakama: Kociyar da ta gaji kango ta kai D'Tigress inda Afirka ba ta taɓa zuwa ba

Rena Wakama ita ce babbar mai horar da D'Tigress, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, kuma mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. An haife ta a 1992 a birnin Raleigh na jihar North Carolina a Amurka, iyayenta kuwa 'yan asalin Okrika ne a Jihar Ribas. Ta buga wa Jami'ar Western Carolina wasa, daga baya ta koma aikin horarwa a Kwalejin Manhattan da ke New York, inda ta fara da kula da harkokin tafiyar da ƙungiya kafin ta zama mataimakiyar koci.

Ba za a gane girman aikinta ba sai an san halin da ta tarar da tawagar. A ƙarshen 2021, jim kaɗan bayan sun ci kofin Afirka, 'yan wasan suka fitar da bidiyo suna kokawa kan alawus da ladan wasa da aka riƙe musu. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ta dare gida biyu, kowane ɓangare na iƙirarin shi ne halastaccen shugabanci. A watan Mayun 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye Najeriya daga dukkan wasannin ƙasa da ƙasa na tsawon shekara biyu, wai don a gyara gida. Ba a yi wata biyu ba aka soke matakin, amma aikin gama ya gama: hukumar duniya, FIBA, ta riga ta miƙa wa Mali gurbin Najeriya a gasar cin kofin duniya ta birnin Sydney. Malin da D'Tigress ta doke a wasannin neman gurbin ke nan. Manya suka yi rigimar kujera, 'yan wasa suka biya kuɗin sabulu.

A ƙarshen Yunin 2023 aka naɗa Wakama, tana da shekara 31, saura ƙasa da wata guda a fara gasar AfroBasket a Kigali. Ba ta taɓa jagorantar babbar ƙungiya ba, kuma da yawa daga cikin tsofaffin taurari ba su cikin tawagar. Duk da haka Najeriya ta doke Senegal da maki 84 da 74 a wasan ƙarshe, Wakama ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin koci.

A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ne sunanta ya fita duniya. D'Tigress ta lallasa Ostiraliya 75 da 62, nasararta ta farko a Olamfik tun 2004. Ta sha kashi a hannun Faransa, sannan ta doke Kanada 79 da 70 ta shiga zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe, matakin da babu wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa takawa. Amurka ce ta tsayar da ita da maki 88 da 74. FIBA ta zaɓi Wakama gwarzuwar koci a ɓangaren mata. Salonta ba ɓoyayye ba ne: matsa wa abokan karawa lamba da tsaro mai tsanani har su riƙa zubar da ƙwallo, sannan a ruga a ci kafin su koma gida.

A Agustan 2025 ta sake cin kofin a Abidjan bayan doke Mali 78 da 64, karo na biyar a jere ga Najeriya. Shugaba Bola Tinubu ya yi alkawarin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa da dala 50,000 ga kowane mai horarwa, haɗe da gidaje da lambar girmamawa ta ƙasa.

Kyauta dai ba tsari ba ce. Akasarin 'yan wasan a jami'o'in Amurka da ƙungiyoyin Turai suka goge, gasar cikin gida kuwa tana tafiyar hawainiya. Ita kanta kociyar aikinta na yau da kullum yana Amurka: bayan jami'o'in Stony Brook da Tulane, a 2025 ta zama mataimakiyar koci a ƙungiyar Chicago Sky ta gasar WNBA.