Baƙin Taurari a Kokowar Amurka: Tarihi da Dabarar Tallar da Ke Bayansu

Kokowar da ake nunowa a talabijin daga Amurka, wadda masu Faransanci ke kira catch, Hausawan Najeriya kuma ke ce mata resilin, ta daɗe da wata al'ada: gayyato shahararren mutum wanda ba ɗan kokowa ba, a saka shi cikin wasa. Wani lokaci ɗan dambe ne, wani lokaci mawaƙi, ɗan fim, ɗan ƙwallo ko attajiri, a ƴan shekarun nan kuma har da masu tashe a YouTube. Baƙon kan zo a matsayin alƙalin wasa, ko mai rakiyar wani ɗan kokowa, ko kuma ya tuɓe ya hau dandamali da kansa. Manufar kamfanin ita ce janyo idon mutanen da ba su saba kallo ba, ya mayar da su masu biyan kuɗi.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa

A kokowar gargajiya, irin ta gasar takobi da ake yi a Nijar, babu wanda ya san wanda zai kai wani ƙasa sai an gwabza. Mawaƙa da makaɗa na nan, amma a bakin fili suke suna zuga ƴan kokowa, ba sa shiga su kama ƙato. Resilin ba haka take ba. Masu kamfani ne ke tsara labarin, su zaɓi wanda zai ci da wanda zai faɗi tun kafin a fito. Kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya amsa da bakinsa a 1989 a gaban ƴan majalisar jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, domin a fitar da shi daga ƙarƙashin dokokin hukumar wasanni ta jihar.

Tunda tsarawa ake yi, ana iya haɗa mawaƙi da ƙaton da ya ninka shi nauyi, a kuma ce mawaƙin ne ya yi nasara. Ƙwararren ɗan kokowa shi ke ɗauke da yawancin aikin: shi zai faɗi da kyau, ya kare baƙon daga rauni, ya sa ƴan kallo su ga kamar baƙon ya iya. Sai dai faɗuwar da dukan na gaske ne, kuma ana jin ciwo.

Gwaji na farko-farko

Ranar 26 ga Yunin 1976, Muhammad Ali, wanda ke riƙe da kambun duniya na dambe ajin masu nauyi, ya kara da ɗan kokowar Japan Antonio Inoki a Tokyo. Wannan karon ba a samu daidaito kan tsararren sakamako ba, aka kuma ɗaure Inoki da dokokin da suka hana shi yawancin dabarunsa. Sai ya shafe kusan duk turmi 15 ɗin yana kwance rigingine yana shurin ƙafafun Ali. An tashi canjaras, ƴan kallo suka yi ta ihun takaici, Ali kuma ya kwanta asibiti saboda jinin da ya daskare masa a ƙafa. Duk da haka an ga ƙarfin suna: fiye da mutum 30,000 ne suka taru a filin Shea da ke New York, inda aka haska faɗan a babban allo bayan wasannin kokowa. Faɗan ya kuma nuna cewa idan ba a tsara abin ba, babban suna na iya tara jama'a, jama'ar kuma su watse da ɓacin rai.

A 1982 aka ga akasin haka a birnin Memphis. Ɗan wasan barkwanci Andy Kaufman ya yi ta tsokanar mutanen yankin, har ya hau dandamali da gwarzonsu Jerry Lawler a watan Afrilu. A Yulin shekarar, Lawler ya shararawa Kaufman mari a shirin hira na David Letterman, wanda ake kallo a duk faɗin Amurka. Mutane da yawa sun ɗauka gaba ce ta gaske. Sai bayan shekaru da mutuwar Kaufman a 1984 aka bayyana cewa su biyun ne suka kitsa komai.

WrestleMania da cacar Vince McMahon

Wanda ya mayar da wannan dabara ginshiƙin kasuwanci shi ne Vince McMahon, da ya sayi kamfanin WWF daga hannun mahaifinsa a 1982. A lokacin, kokowa a Amurka rarrabe take yanki-yanki, kowane mai kamfani da garuruwansa. McMahon na son ƙasar baki ɗaya, kuma don haka yana buƙatar matasan da ke kallon tashar waƙoƙi ta MTV.

Hanyar ta buɗe ta hannun mawaƙiya Cyndi Lauper. Wani tsohon ɗan kokowa, Lou Albano, ya fito a matsayin mahaifinta a bidiyon wata waƙarta ta 1983. Sai aka ƙirƙiro rigima tsakaninsu, kowa ya zaɓi mace ƴar kokowa ta tsaya masa. Ranar 23 ga Yulin 1984, MTV ta nuna wasan kai tsaye daga zauren Madison Square Garden, inda Wendi Richter, ƴar Lauper, ta karɓe kambun mata daga Fabulous Moolah.

Daga nan aka shirya WrestleMania ta farko, ranar 31 ga Maris, 1985, a wannan zaure. A babban wasan, Hulk Hogan ya haɗa kai da ɗan fim Mr. T suka doke Roddy Piper da Paul Orndorff. Jama'a sun riga sun san Hogan da Mr. T daga fim ɗin Rocky III na 1982. Muhammad Ali ya zo a matsayin alƙali na musamman, makaɗin piyano Liberace kuma shi ne mai lura da lokaci. McMahon ya zuba dukiyar kamfanin a wannan biki, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu: fiye da mutum miliyan ɗaya suka kalla a zaurukan da aka haska shi, bikin kuma ya zama na shekara-shekara har yau. Bayan an watse, Mr. T ya koma harkar talabijin ɗinsa, Hogan ya zauna da sababbin masoyan da baƙin suka kawo.

Mike Tyson da yaƙin ranar Litinin

A tsakiyar shekarun 1990 WWF ta shiga matsi. Kishiyarta WCW, mallakar attajirin talabijin Ted Turner, ta kwashe mata manyan taurari ciki har da Hogan, shirinta na daren Litinin kuma ya fi na WWF masu kallo har makonni 83 a jere.

A daidai lokacin, hukumar wasanni ta jihar Nevada ta janye lasisin damben Mike Tyson saboda cizon kunnen Evander Holyfield da ya yi a Yunin 1997. Ba shi da damar dambe, amma babu jaridar da ba ta ambaton sunansa. WWF ta ɗauko shi, rahotanni kuma suka ce ta biya shi aƙalla dala miliyan 3. Ranar 19 ga Janairun 1998, ana cikin gabatar da shi, sai Steve Austin ya fito ya tsaya masa gaba da gaba, suka ture juna. Washegari hoton ya cika labaran wasanni, har a kafafen da ba sa kula kokowa.

A WrestleMania ta 14 a Boston, ranar 29 ga Maris, 1998, Tyson bai yi kokowa ba. Ya tsaya a gefe a matsayin mai tsaron doka, ya ƙirga ukun da ya ba Austin kambun duniya a kan Shawn Michaels, sannan ya naushi Michaels. Makonni biyu bayan nan, ranar 13 ga Afrilu, shirin WWF ya wuce na WCW a yawan masu kallo. Ana yawan kawo wannan a matsayin misali mafi kyau na amfani da baƙo, domin an ari kwarjinin Tyson ne aka lulluɓa wa ɗan gida.

Inda dabarar ta ɓaci

WCW ma ta gwada nata. A Yulin 1998 ta haɗa ƴan ƙwallon kwando Dennis Rodman da Karl Malone, makonni kaɗan bayan ƙungiyoyinsu sun kara a wasan ƙarshe na gasar NBA, kuma ta samu ciniki sosai. A wata mai bi ta sa mai gabatar da shirin talabijin Jay Leno a wasa.

A Afrilun 2000 ne ta wuce gona da iri. Domin tallata fim ɗin Ready to Rumble, aka tsara cewa jarumin fim ɗin, David Arquette, ya lashe kambun duniya na kamfanin, kambun da ƴan kokowa irin su Ric Flair suka shafe shekaru suna ɗaukakawa. Kwana 12 ya riƙe shi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, masu kallo ba su ƙaru ba, tsofaffin masoya kuma suka ji an raina musu hankali. Shi kansa Arquette ya faɗa daga baya cewa bai so shirin ba, kuma ya ba da kuɗin da aka biya shi ga iyalan wasu ƴan kokowa da suka mutu ko suka naƙasa. Matsalolin WCW sun fi wannan yawa, amma ana lissafa shi cikin manyan kurakuranta. A Maris na 2001 McMahon ya saye kamfanin.

Abin da baƙon ke samu

Cinikin ba gefe ɗaya ba ne. Donald Trump ya ɗauki nauyin WrestleMania ta 1988 da ta 1989 a Atlantic City domin janyo mutane zuwa otal da gidan cacarsa. A 2007, lokacin da shirinsa na talabijin ke tashe, ya dawo cikin labari: shi da McMahon kowa ya zaɓi ɗan kokowa, wanda nasa ya faɗi a aske masa kai. Bobby Lashley na Trump ya doke Umaga a Detroit, aka yi wa McMahon tal-kwabo a bainar jama'a. Gidaje kimanin miliyan 1.2 ne suka biya don kallon bikin, adadin da kamfanin bai taɓa kaiwa ba kafin nan.

Ƴan dambe ma sun ci gaba da zuwa, saboda akwai kuɗi kuma haɗarin bai kai na dambe ba. Floyd Mayweather ya kara da Big Show a 2008, bayan ya fasa masa hanci da naushi na gaske a wata arangamar talla. Tyson Fury ya kara da Braun Strowman a Riyad a Oktoban 2019, ƙarƙashin yarjejeniyar shekara 10 da WWE ta ƙulla da Saudiyya a 2018.

Zamanin intanet

A da, riba ta dogara ne da yawan tikiti da gidajen da suka biya don kallon biki ɗaya. Yanzu babban kuɗin WWE daga sayar da haƙƙin nuna shirye-shirye yake fitowa. Tun Janairun 2025 Netflix ke nuna shirin Raw, kan yarjejeniyar shekara 10 da ta haura dala biliyan 5. Don haka abin da ake nema a wajen baƙo ya canza: mabiyansa na kafafen sada zumunta, da ɗan gajeren bidiyon da zai zagaya wayoyi a ƙasashen da kamfanin ke son shiga.

Mawaƙin Puerto Rico Bad Bunny ya shafe watanni yana atisaye kafin wasansa na WrestleMania a 2021, har masoyan kokowa da ke ƙyamar baƙi suka yaba masa. A Mayun 2023 WWE ta kai biki San Juan, babban birnin tsibirinsu, ya kara da Damian Priest. Logan Paul, wanda ya yi suna a YouTube, ya sa hannu a kwangila a 2022, ya kuma karɓi kambun Amurka daga Rey Mysterio a Riyad a Nuwamban 2023. A WrestleMania ta 2024, tambarin Prime, abin shan da yake da hannun jari a ciki, shi ne aka zana a tsakiyar dandamali.

Ƙorafi da haɗari

Babban ƙorafi daga ƴan kokowa da masoyansu yake fitowa. Ɗan gida kan shekara yana yawo gari-gari yana faɗuwa, sai ranar babban biki a ba baƙo gurbin da ya fi tsoka. A 1995 ɗan ƙwallon Amurka Lawrence Taylor ne ya rufe WrestleMania da doke Bam Bam Bigelow, aka tura wasan kambun duniya ya zo kafin nasa.

Akwai kuma haɗarin jiki. Logan Paul ya ji rauni a gwiwa a wasansa da Roman Reigns a 2022. Arquette, da ya koma ƙananan kamfanonin kokowa a 2018 don wanke sunansa, gilashin ƙwan fitila ya yanke shi a wuya ana tsakiyar wasa, sai da aka kai shi asibiti. Wannan abin lura ne ga iyayen da yaransu ke kwaikwayon abin da suka gani a waya: mawaƙin da ya diro daga saman igiya ya yi atisaye, kuma akwai ƙwararre a ƙasa yana jiran ya tare shi.

Mai kallo na iya auna kowace irin wannan gayyata da tambayoyi biyu. Me baƙon ya zo sayarwa, fim ne, waƙa, abin sha ko sunansa? Sannan wa zai amfana idan ya tafi? Baƙo dai raɓa ne. Inda ya bar wa ɗan gida masoya, kamar yadda aka gani da Hogan a 1985 da Austin a 1998, kamfani ya ci riba ta shekaru. Inda aka ɗauki kambu aka miƙa masa, kamar a WCW a 2000, darajar kambun ce ta zube.