Daga Goro Zuwa Titir Fonsiye: Tarihin Mallakar Fili a Sokode da Dapaong

A shirinmu na tarihi mun ɗauko zancen da ke raba zumunci a zangunan arewacin Togo, wato zancen fili. Mutum zai ce maka kakansa ne ya share wannan wuri, shekara tamanin suna zaune, sai ga wani ya zo da takarda mai tambari ya ce nasa ne. Yaya aka yi aka zo nan? Sai mun koma baya kaɗan.

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa ke bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu Salaga su ɗauko goro. Ayari kan yada zango a Sansanin Mango, ƙasar Cakosawa, wani kuma ya bi ta ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didawure ta zama matattarar Musulmi 'yan kasuwa tun kafin a san garin da sunan Sokode. A wancan zamani ba a sayar da ƙasa. A wajen Kotokoli, haka ma a wajen Moba da Gurmawan yankin Dapaong, ƙasa ta dangi ce, ta waɗanda suka riga kowa sauka. Baƙo ya zo, madugu ya kai gaisuwa wurin sarki ko mai ƙasa, a ba da goro, a nuna masa inda zai kafa bukka. Bafillace ma haka: arɗo ya nemi izini, a nuna masa wurin ruga da mashaya, shanunsa su bar taki a gonar mai masauki bayan girbi.

To ku lura da wannan, don nan ne tushen rigimar. Abin da mai ƙasa ya bayar aro ne, izinin zama ne da noma. Shi kuwa baƙo, da shekaru suka ja, 'ya'yansa suka tashi suna ganin gado ne. Babu wanda ya rubuta komai, domin a lokacin baki shi ne takarda, dattawa su ne shaidu. Dattawan nan kuwa duk ƙasa ta rufe musu ido.

Jamus ta kafa mulkinta a bakin teku a 1884, kuma kafin ƙarnin ya ƙare jami'inta Kersting ya buɗe bariki a Sokode, da taimakon mahayan Uro Jobo Bukari na Paratawo. Jamusawa ne suka fara kawo littafin rajistar filaye, amma aikinsa ya fi yawa a Lome da kudu. A 1914 Faransa da Ingila suka kore su, aka raba ƙasar. Faransa ta ɗauko dokarta ta 24 ga Yuli 1906, wadda ta yi wa yankunanta na Afirka ta Yamma, ta shimfiɗa ta a Togo a Disamba 1922. Daga nan aka sami abin da muke kira titir fonsiye: a auna fili, a kafa duwatsun iyaka, a yi shela ko akwai mai ja, sannan a rubuta sunan mai shi a littafin gwamnati. Sai dai wa ke zuwa? Kuɗi ne, tafiya ce har Lome, kuma da Faransanci ake yi. Mutanen zango suka ci gaba da harkarsu ta goro da shaidu. Tun daga ranar ƙasa ta zama mai doka biyu, ta gargajiya da ta bariki, kowace na tafiya ba ta kallon 'yar'uwarta.

Togo ta sami 'yanci ranar 27 ga Afrilu 1960. A watan Agusta na wannan shekara, zamanin Sylvanus Olympio, aka yi dokar kare filayen 'yan ƙasa: duk cinikin fili tsakanin ɗan Togo da baƙo sai da izinin hukuma. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ko ɗan Burkina da ya sayi fili ba tare da wannan izini ba, kuɗinsa na kan siraɗi. Wanda aka haifa a zango kuma, in bai mallaki takardar zama ɗan ƙasa ba, a ofis ana iya lissafa shi baƙo ko da kakansa a Sokode aka binne shi.

Ranar 6 ga Fabrairu 1974 gwamnatin Janar Eyadema ta fitar da doka mai lamba 12 kan gyaran filayen noma. Ta kasa ƙasa kashi uku: ta dangi da ɗaiɗaikun mutane, ta gwamnati, da ta al'umma baki ɗaya, inda aka nufi zuba duk filin da ba a aiki da shi. Manufar ita ce ƙasa ta koma hannun mai noma ta. Amma a idon wannan doka aiki shi ne noma da gini. Dajin da shanu ke kiwo duk shekara, fili ne da ba kowa. A shekarun nan ne kuma aka faɗaɗa gandun dajin Keran, aka tashi ƙauyuka, aka hana kiwo da farauta. Da siyasa ta juya wajen 1990 da 1991, jama'a suka koma ciki da gatari da garke. Ciwon bai warke ba: a Nuwamba 2015, da aka so maido da gandun, an yi tarzoma a Mango har aka rasa rayuka.

A cikin gari kuwa wata cuta ce ta ɓullo. Sokode ta zama hedkwatar Jihar Tsakiya, Dapaong ta Jihar Saban, babbar hanyar Lome zuwa Sinkase ta ratsa su, kasuwa ta buɗe, fili ya yi kuɗi. Dangi suka fara kiran mai awo ya yanka musu gonakin kaka lo-lo, galibi mita 600 murabba'i kowane. Wa ya sayar wa Alhaji, ƙane ya sayar wa wani Alhajin, fili ɗaya, rasit biyu. Shi ya sa kuke ganin an rubuta a bango da jan fenti cewa filin nan na rigima ne, ko ba na sayarwa ba ne. Da yawa sun riƙe taswirar da ake ce wa mai tambari uku suna tsammanin sun gama. Wallahi ba su gama ba. Taswirar nan mataki ce a hanya, ita kanta ba titir ba ce.

Don a warware wannan ne aka yi sabon kundin dokar filaye, mai lamba 2018-005, na 14 ga Yuni 2018. Ya haɗa tsofaffin dokokin wuri guda. Ya yarda da haƙƙin gargajiya, amma yana so a rubuta shi. Ya ba mace dama daidai da namiji wajen mallakar fili. Ya ce mai yanka filaye ya bar wa hukuma rabin wurin don tituna da makaranta da kasuwa da asibiti, saboda haka wanda ya sayi lo a cikin wannan kaso, ko ya yi bene, ranar da aka tashi rushewa ba shi da bakin magana. Aikin titir kuma yanzu yana hannun ofishin haraji na ƙasa, OTR. Tun zaɓen 2019 ƙasar na da ƙananan hukumomi 117, don haka magajin gari ma ya shigo cikin harkar.

Makiyaya, naku ya ɗan bambanta. A 1998, a Abuja, shugabannin ECOWAS suka amince da shawarar da ta halatta ƙetara iyaka da dabbobi, da sharaɗin riƙe takardar shaidar kiwo da ta rigakafi, da bin burtalin da aka ware. A baya Togo ta saba buɗe ƙofa daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Mayu, tana karɓar haraji kan kowane kai. Amma takardar nan izinin wucewa ce kawai, ba ta ba ka ko taki ɗaya na ƙasa. Burtali kuma in ba a kafa masa alama ba, manomi na ci masa gefe kowace damina har ya shaƙe. A Yunin 2022 an sa Jihar Saban ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka sun kwararo Dapaong, matsi a kan fili ya ƙaru, kuma dokokin shiga da garke na iya canzawa daga shekara zuwa shekara. Ka tambayi arɗo da likitan dabbobi kafin ka tashi.

Abin da tarihin nan ya koya mana a aikace shi ne: kafin ka ba da ko dala, ka san dangin da ke da filin, ka ga wanda suka wakilta a rubuce, ban da ɗan gidan da ya zo shi kaɗai da dillali. Ka je ofishin awo a duba ko filin na da titir, ko yana cikin kason hukuma. A yi cinikin gaban noter. In kai baƙo ne, ka nemi izini tun farko. Ku kuma da kuka gāji gida ko ruga a kan amanar kakanni, ku je wurin jikokin masu ƙasa tun ana ga-maciji, a zauna gaban sarki a rubuta ko aro ne, ko kyauta, ko saye. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma dattijon da zai shaide ka yau, ba lalle ka same shi baɗi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya tsare dukiya da garke. Sai mun haɗu a shiri na gaba.