Lasar Juna a Garken Shanun Sake: Nazari a Kan Kiwo a Dazukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta dubi ɗabi'ar lasa da susa a tsakanin shanun da ke kiwo a sake, ta auna abin da masana suka gano da yanayin kiwo a wannan yanki na Jihar Katsina. Matsayarta ita ce, duk tsarin kiwon da ake son ya zauna lafiya da daji dole ya bar garke da zumuncinsa.

Gabatarwa

A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da Dajin Kogo da ke Faskari gandun daji na ƙasa. Wannan ya ta da tsohuwar tambaya: a kori shanu ne, ko a tsara musu kiwo? Masu lissafin ciyawa da yawan kofato sun cika mantawa da yadda shanun ke zama da junansu.

Lasa da zumunci

Idan rana ta take, Bunaji sun fake a inuwa suna tuƙa, za a ga saniya ta matso kusa da 'yar'uwarta, ta sunkuyar da kai, ta miƙa wuya. Ɗayar sai ta bi ta da harshe daga gindin kunne zuwa tozo, wuraren da dabba ba ta iya kai wa kanta. Ba da ka ake zaɓen abokiyar lasa ba. Reinhardt da Reinhardt (1981) sun bi wani garken shanu masu tozo a Kenya, suka tarar kowace saniya tana da waɗanda ta fi lasa da kiwo tare da su, kuma dangantakar tana ɗorewa shekaru. Laister da abokan aikinsa (2011) sun nuna cewa bugun zuciyar wadda ake lasa yana sauka. Ke nan lasa tsafta ce, kuma kwanciyar hankali ce.

A nan ne satar shanun da ta addabi Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa take da ɓarnar da ba a ƙirgawa. An raba uwa da maraƙi, an gwamutsa baƙin shanu wuri guda, an kora su cikin dare ba hutu. Ko an ƙwato su, garken da aka sani bai dawo ba, kuma abin takaici ne a ce kai kawai ake ƙidayawa.

Iyakar harshe

Harshe bai isa maganin kaska ba. Da damina babbar kaskar nan mai zane, wadda ke buɗe wa kirci ƙofa, tana maƙalewa ne a hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya. Shi ya sa makiyayi kan tsuguna da safe a ruga, bayan tatsa, yana cire ta da hannu ɗaya bayan ɗaya. Carki ma ba abin dogaro ba ne: Weeks (2000) ya gano a Zimbabuwe cewa hana shi sauka kan shanu bai ƙara musu kaska ba, shi ne ma ke hana gyambo warkewa.

Shawara

Ya kamata hukumar gandun daji ta ba da izinin kiwo garke-garke, kada a cakuɗa, a kuma bar bishiyoyin inuwa da shuri inda shanu ke hutawa suna soshe jiki. Muna kira ga masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika da su zauna da Fulanin yankin, waɗanda suka san kowace saniya da sunanta, su rubuta wace ce ke lasar wace kafin a shata iyakar kiwo a Kogo.